Ciyawa, zaure, gajeren kafet ko fili mai tozo: wane wasan bols ya dace da kai?

Duk wanda ya ɗan kwana biyu a Birtaniya ya taɓa wucewa ta gefen wani fili mai kusurwa huɗu, kore shar, an aske ciyawarsa kamar da reza, dattawa cikin fararen kaya suna gara manyan ƙwallaye a kai. Wasan bols ke nan. Ana fara gara wata 'yar ƙaramar ƙwallo, fara ko rawaya, wadda ake kira jak, sannan kowa ya biyo ta da tasa. Wanda tasa ta fi matsawa kusa da jak shi ke da maki. A ido kamar wasan yara. Abin da ya hana a raina shi shi ne ƙwallon ba ta tafiya a miƙe. An sassaƙa ta da karkata ta gefe guda, idan gudunta ya fara mutuwa sai ta lanƙwasa kamar lauje.

Ranar da na fara riƙe ta, baibai na riƙe. Na saita hannu dama ina jiran ta dawo hagu, ita kuwa ta ƙara gaba dama, ta tsallaka layinmu, ta je ta zauna a tsakiyar wasan maƙwabta. Aka yi ta dariya, aka miƙo mini gwangwanin sadaka, don a wannan kulob duk wanda ya yi wannan kuskure sai ya jefa sulalla.

Matsalar mai son farawa ita ce wasan ba ɗaya ba ne. Iri huɗu ne suka fi yaɗuwa: na shimfiɗaɗɗiyar ciyawa a waje, na dogon kafet cikin zaure, na gajeren kafet da ake naɗewa, da na fili mai tozo. Dokokinsu ba ɗaya ba, kayansu ma ba duka ke shiga juna ba. Na ga wanda ya zuba kuɗinsa a ƙwallaye huɗu sababbi fil, ya isa kulob ɗin unguwarsu ya tarar biyu kawai ake amfani da su a can, kuma ba irin nasa ba.

Abin da zan auna su da shi

Abu biyar. Kuɗin shiga da na kaya. Dorewa, wato daɗewar kayan da kuma yawan watannin da za ka samu kana wasa a shekara. Sauƙin koyo. Haɗari, na aljihu da na jiki da na wurin da kansa. Na ƙarshe, wace doka ce ke aiki a wurin, kuma ina hanyar ke kai mutum idan ya ƙware. Kuɗaɗen da zan ambata kimantawa ce ta abin da ake gani a Ingila, suna hawa da sauka daga gari zuwa gari.

Abin da ya sauya a dokoki

Wani mutumin Glasgow, William Wallace Mitchell, shi ya wallafa dokokin da aka gina na yau a kansu, a 1864. Yanzu hukumar World Bowls ce ke riƙe da kundin, wanda ake kira Crystal Mark. Bugu na huɗu ya fito a 2022, ƙasashe suka fara aiki da shi daga nan zuwa 2023. Wannan kundi ya shafi na ciyawa da na zaure ne. Gajeren kafet da fili mai tozo kowanne da hukumarsa da dokarsa.

Sauyin da ya fi tayar da ƙura a bugu na huɗu shi ne dokar da ta ce idan ɗan ƙungiya ya tare ƙwallon ɓangarensu da gangan tana cikin tafiya, an cinye su wasan baki ɗaya. Manufar a fili take: kada kyaftin ya hango ƙwallon abokinsa za ta tarwatsa musu maki ya sa ƙafa ya tare. Sai dai tsofaffin 'yan wasa sun saba, idan ƙwallo ta wuce kowa ta nufi lambatun da ke kewaye da filin ba tare da ta taɓa komai ba, su sunkuya su ɗauke ta don kada a ɓata lokaci. Sai ga ɗabi'ar shekara da shekaru ta koma laifin da ke kashe wasa. Koke ya yi yawa, hukumar ta janye dokar a 2023. Na kawo wannan ne don har yau akwai kwafen littafin da aka buga kafin janyewar suna yawo a kulob-kulob, akwai kuma mai gardama da zai zaro maka shi daga aljihu.

Dokar ƙafa tun bugu na uku aka sassauta ta. A da sai ƙafa ɗaya ta hau tabarmar robar da mai garawa ke tsayawa a kai gaba ɗayanta kafin a gara. Yanzu wani sashe na ƙafa ɗaya ya isa, a lokacin saki kuma ya kasance a kan tabarmar ko a samanta. Tabarmar ba ta da girma, milimita 600 ce da 360, don haka mai babban takalmi da mai ciwon gwiwa sun ji daɗin wannan.

Sai batun jak idan aka buge ta ta fita daga iyakar layi. A tsarin gargajiya zagayen ya mutu, a sake daga farko. Shi ya sa wanda ya ga maki ya kuɓuce masa yakan harbo ƙwallo da ƙarfi don ya kashe zagayen. Yanzu masu shirya gasa suna da damar cewa a mayar da jak wani tabo da aka ware, galibi mita 2 daga lambatun gaba, a ci gaba da wasa. Wannan ya rage tsawon wasa, ya kuma rage ribar mai ƙarfin dantse. Ni dai ina goyon bayansa. Na taɓa zama cikin yayyafi ana maimaita zagaye ɗaya sau uku.

Biyu na ƙarshe sun shafi mai sayen kaya. An rage mafi ƙarancin faɗin ƙwallo daga milimita 116 zuwa 112, abin da ya buɗe wa yara da masu ƙananan hannu ƙofa. Mafi girma 131 ne ga wadda ba ta katako ba, nauyi kuma kada ya wuce kilo 1.59. Sannan kowace ƙwallo tana da hatimin gwaji mai ɗauke da shekarar da zai ƙare, shekara 10 daga gwajin. A wasan kulob ba kasafai ake dubawa ba. A manyan gasanni ana dubawa.

Shimfiɗaɗɗiyar ciyawa

Wannan ne uwar sauran. Filin da ke Southampton ana wasa a kansa tun 1299. Tsawon fili mita 31 zuwa 40, a raba shi layi-layi, kowanne faɗin mita 4.3 zuwa 5.8, lambatu ya kewaye shi. Jak sai ta yi aƙalla mita 23 daga tabarma kafin ta zama halal, ko da yake an bar wa ƙasashe damar ragewa zuwa 21, kuma Ostareliya haka take yi. Ƙwallon da ta taɓa jak a hanyarta ana shafa mata alli, ko ta faɗa lambatu tana nan da rai. Wadda ba ta taɓa ba, ta faɗa ta mutu.

Kuɗin shekara a yawancin kulob na gari yana kaiwa daga fam 50 zuwa 150, da yawansu kuma suna yi wa sabon shiga rangwame a shekarar farko, su ara masa ƙwallaye. Abin da ba za a ara maka ba shi ne takalmi mai shafaffen ƙasa. Da takalmi mai dunduniya ko mai haƙora ba za ka taka filin ba, mai kula da ciyawar yana ji da ita fiye da yadda manomi ke ji da gonarsa. Ƙwallaye huɗu sababbi sukan haura fam 300. Na hannu ana samu a kashi ɗaya cikin uku na wannan ko ƙasa.

Wajen daɗewa babu abin cewa. Tun da kamfanin Henselite na Melbourne ya fito da ƙwallon roba mai tauri da ake zubawa a zubi ɗaya a 1937, aka daina fama da katakon da ke tsagewa, duk da har yau Turawan Ingila "katakai" suke ce musu. Saiti ɗaya zai iya kai ka shekara ashirin. Gajartar tana wajen kaka: daga ƙarshen Afrilu zuwa Satumba ne kawai. Wata bakwai filin na hutawa.

Koyo yana da ɗan wuya ta wani gefen da ba a zata ba. Ana auna saurin fili da daƙiƙoƙin da ƙwallo ke ɗauka kafin ta tsaya a mita 27, kuma yawan daƙiƙa shi ne sauri, ba akasin haka ba, domin a fili mai santsi a hankali ake sakinta ta yi ta tafiya. Ciyawar Ingila a farkon kaka takan yi nauyi, wajen daƙiƙa 10 zuwa 12, sai ka sa ƙarfi. Rana ta buɗe, ta yi sauri. Iska ta taso, lissafi ya canza. Layi na ɗaya ba ya tafiya kamar na shida. Wasu wannan ne ke kore su, wasu kuma shi ne daɗin.

Haɗarin jiki kaɗan ne, gwiwa ce da baya, saboda durƙuso da ɗaukar jaka mai kilo shida. Akwai sandar sakin ƙwallo da doka ta yarda da ita ga wanda ba ya iya sunkuyawa. Wani alheri ga mai salla: wasannin yamma a Yuni da Yuli sukan fara wajen ƙarfe shida, a arewacin Ingila kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan tara, don haka magariba ba ta kama ka a fili.

Hanyarsa ta fi ta kowa nisa. Tun wasannin Commonwealth na farko a Hamilton a 1930 bols yake ciki, sau ɗaya aka tsallake shi, a Kingston a 1966. A 2022 a Leamington Spa matan Indiya huɗu suka doke Afirka ta Kudu da ci 17 da 10 suka ɗauki zinare. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce jagora, sai Namibiya, Botswana, Zimbabwe, Zambiya da Kenya.

Dogon kafet cikin zaure

Doka ɗaya ce da ta waje, tsawo kusan ɗaya, bambancin rufi da kafet. Jak ta nan ta fi nauyi, giram 382 zuwa 453, ta waje kuwa 225 zuwa 285, don kada kafet mai santsi ya riƙa kwasarta.

Kuɗi ya fi yawa saboda biyu ake biya: na shekara, sannan na kowane zama, fam uku zuwa biyar na awa biyu. Mai zuwa sau uku a mako cikin hunturu ya lissafa da kyau. Zaure yana cin wuta da ɗumama, tsadar makamashi ta shekarun nan kuma ta matse irin waɗannan kulob. Kafin ka biya na shekara, duba ko wurin na cika.

A madadin haka, ba ruwanka da ruwan sama, yawancinsu kuma ba sa rufewa ko da bazara. Kafet yana gudu wajen daƙiƙa 16 ko fiye, kullum kusan haka yake, shi ya sa sabon hannu ya fi saurin gane kuskurensa. Idan ƙwallonka ta wuce, kai ka wuce da ita, babu iskar da za ka ɗora wa laifi.

A nan ne tarkon sayen kaya yake. Fili mai sauri yana ƙara wa ƙwallo lanƙwasa. Mai faɗin karkata irin Taylor Lignoid ko Henselite Classic, da ke aiki lafiya a ciyawa mai nauyi, idan ta hau kafet sai ta nemi layin maƙwabta kafin ta dawo. 'Yan zaure sun fi son matsattsiya, irin Taylor Vector VS ko Henselite Dreamline XG. Ita kuma wannan a jiƙaƙƙiyar ciyawa kusan miƙewa take, ba za ta zagaye ƙwallayen da suka tare gaba ba. Mai son saiti ɗaya ya yi masa ko'ina ya nemi matsakaiciya, Taylor Ace ko Drakes Pride Professional. Girma kuma a gwada da hannu: ka riƙe ta, ka kife tafinka, ka miƙe hannu. Idan tana neman sulɓewa ta yi maka girma, kada kunya ta sa ka ɗauki lamba 5 alhali 3 ce taka.

Lokacin salla a nan sai an yi dabara. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, zaman biyu zuwa huɗu sai ya haɗiye la'asar ya leƙa magariba. Zaman safe ko na bayan shida ya fi.

Idan gasa ce a ranka, iska ta juyo nan. Gasar duniya ta zaure da ake yi kowane Janairu a wurin shaƙatawa na Potters, a Hopton-on-Sea cikin Norfolk, tun 1999, ita ce wadda talabijin ke nunawa, a kan shuɗin kafet, da tsarin zubi biyu da raba gardama maimakon tseren zuwa maki 21. Sannan wasannin Commonwealth na Glasgow, 23 ga Yuli zuwa 2 ga Agusta 2026, da aka rage zuwa wasanni 10, an tsara bols ɗinsu cikin zaure, karo na farko a tarihin gasar.

Gajeren kafet

Kafet ne mai tsawon ƙafa 40 zuwa 45, faɗin ƙafa 6, ana shimfiɗa shi a ɗakin taron unguwa ko na makaranta, a tashi a naɗe. Katako a ƙarshensa ya maye gurbin lambatu. A tsakiya ana gicciya wani guntun katako mai inci 15, ƙwallon da ta taɓa shi ta mutu, don haka dole ka zagaye. Ya yi ƙarfi sosai a Ayalan, hukumarsa ta Ingila kuma an kafa ta a 1984.

Shi ne mafi araha ga ɗan wasa, fam biyu ko uku a dare, wani lokacin har da shayi. Ƙwallayen irin na manyan filaye ne, kulob na da na aro. A dare ɗaya za ka fara cin maki. Kafet ɗin kansa wajen fam dubu ne, yana shekaru idan ana naɗe shi daidai, ba a bar shi a laima ba. Aibinsa, daɓen ɗakin taro ba a yi shi don wasa ba, kowanne da gangarensa, 'yan gida sun haddace, baƙo ya sha kashi. Kuma ƙwarewar nan ba ta tsallakawa kai tsaye zuwa mita 30, hannu ya saba da ɗan gajeren saki.

Fili mai tozo

Wannan na arewacin Ingila ne da tsakiyarta, arewacin Wales da tsibirin Man. Hukumarsa ta kafu a 1907. Filin yana da tudu a tsakiya kamar tozon sa, babu layi, ana garawa ta kowace fuska, wasanni uku ko huɗu suna giftawa juna a lokaci guda. Kowa ƙwallo biyu, jak ma tana da karkata, kuma sai ta yi mita 19. Ƙwallon da ta fita daga fili ta tafi ke nan, babu zancen alli.

Ƙwallaye biyu ne kuma sun fi ƙanƙanta, kuɗinsu bai kai rabin na saiti mai ƙwallo huɗu ba, tufafi ma ba a tsaurara. Amma shi ne mafi wuyar ƙwarewa, domin karkata biyu kake lissafawa, ta ƙwallo da ta ƙasa, wani lokacin suna tafiya tare, wani lokacin suna ja-in-ja. Abu biyu mai karatu ya sani tun da wuri. Filaye da yawa a bayan gidajen giya suke, wasan kuma yana da tsohuwar al'adar caca a manyan gasanninsa. Akwai na wuraren shaƙatawa na hukuma da ba su da wannan, su za a nema. Idan kuma aiki ya mayar da kai Landan, ƙwallayen nan biyu sun zama ado.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Ciyawa | Zaure | Gajeren kafet | Mai tozo |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin wasa | matsakaici, na shekara | mafi tsada | mafi araha | araha |
| Ƙwallaye | 4, sun haura fam 300 | 4, matsattsiyar karkata | na aro sun isa | 2, nasa daban |
| Kaka | Afrilu zuwa Satumba | kusan duk shekara | galibi hunturu | bazara |
| Koyo | yanayi na sauya shi | da sauri | mafi sauƙi | mafi wuya |
| Haɗari | ruwa, gwiwa | sayen ƙwallon da ba ta dace ba | gangaren daɓe | muhalli, ƙaura |
| Doka | World Bowls | World Bowls | tasa | tasa |

Wanne ga wa

Ɗalibi mai ƙaramin aljihu da ke neman abin da zai fitar da shi daga ɗaki cikin hunturu, gajeren kafet. Kada ya sayi komai sai takalmi.

Mai iyali da ke son iska da hira da maƙwabta, ba ya neman kofi, ya shiga kulob ɗin ciyawa mafi kusa da gidansa, ya yi kaka ɗaya da ƙwallayen aro. Idan kaka ta biyu ta zo yana nan, ya sayi na hannu masu matsakaiciyar karkata. Ƙarewar hatimi ba za ta dame shi ba, kuma ita ce ke karya musu farashi.

Matashi ko matashiya mai burin gasa, zaure tukuna, ciyawa da bazara. A nan kam a duba shekarar hatimi kafin a biya, a tabbatar huɗun lambarsu ɗaya, a karanta sharuɗɗan kowace gasa kan mayar da jak, domin ba duka ke bin tsari ɗaya ba.

Wanda ya kafa gida a Lancashire ko Yorkshire ba ya shirin tashi, kuma yana son wasan da zai yi ta caja masa kai shekara da shekaru, mai tozo ne nasa.

Wanda kuma yake tunanin kai wasan gida, Kano ko Maraɗi, ya cire ciyawa daga lissafi. Filin da ake askewa zuwa kusan milimita 5, ana shayar da shi safe da yamma, ba zai ga ƙarshen zafin Afrilu ba sai da rijiyar burtsatse da ma'aikaci na musamman. Gajeren kafet ɗaya, saiti biyu na hannu, da ɗakin taron da magini ya daidaita daɓensa da ma'aunin ruwa sun isa mutum takwas su yi wasa, kowa da ƙwallo ɗaya, ko huɗu da bibbiyu.